Hoton Yaron Inna

A Dareta kowa ya san Hamsatu matar Namadi ba ta shiga hoto. In ana biki, 'yan mata suka ɗaga waya suna cewa a matso a matso, sai ka ga ta tuna da tukunyar da ke kan wuta, ko da gidan bikin ba nata ba ne, tukunyar ma ba tata ba. In kuwa wayar ta rutsa da ita a tsakar gida, sai ta ja bakin hijabi ta ba mai ɗauka ƙeya. Akwai hotunan suna da na aure da yawa a garin waɗanda in ka duba gefe za ka ga bayan wata siririyar mace, to ita ce.

Mutane kuwa ba sa barin abu ya zauna babu dalili, in ba su samu ba sai su ƙera masa. Wasu suka ce Namadi ne ya hana, alhali Namadi mutum ne da ko akuyar gidansa bai iya hana ta cin danga ba. Wasu suka ce wa'azi ta ji a rediyo. 'Yan matan zamani suka ce ƙauyanci ne kawai, wai tana tsoron waya ta zuƙe mata kurwa. Tsofaffin matan garin ne suka san gaskiyar magana, su kuma ba sa ɗaga ta.

Abin ya samo asali ne tun shekarar da gubar dalma ta shiga Dareta. A lokacin maza na kwaso dutsen zinari daga daji su kawo shi har cikin gida, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, mata su daka ragowar a turmin da suke surfen gero. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta bi tabarmi, yara na rarrafe a kanta suna kai hannu baki. Sai yara suka fara amai da jijjiga. Aka ce iska ce, aka ce zazzaɓin damina ne, aka sha rubutu, aka yi turare. Kafin likitoci su gano abin da ke faruwa, gefen maƙabartar garin ya cika da gajerun kaburbura.

Hamsatu tana da ɗa guda a lokacin, Halilu, ɗan fari. Ɗan fari kuwa a garinsu ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Tun da aka yaye Halilu ya koma ɗakin kakarsa, Inna Asabe, uwar Namadi, can yake ci, can yake kwana. In Hamsatu za ta ambace shi sai ta ce yaron Inna, shi kuma yana ce mata Adda, kamar wata yayarsa. Ta riƙe wannan kunya da kyau har ana misali da ita. Ba wanda ya san sau nawa ta tsaya a bakin randa tana jan lokaci da moɗa a hannu, don dai ta saci kallonsa yana wasa da ƙasa.

Da ciwon ya kama shi, Inna ce ta goya shi zuwa Anka, inda masu agaji suka kafa tantuna, Hamsatu na biye da ƙullin kaya. A cikin tantin ma yaron na kan cinyar Inna, ita tana zaune can gefe tana kallon ƙasa. Wata rana da hantsi Inna ta kwantar da shi a kan gado, ta ɗauki buta ta ce za ta yi alwala. Tantin ya rage daga Hamsatu sai shi. Ta duba dama, ta duba hagu, sai ta tashi ta sungume shi, ta manna kumatunta a nasa, ta kira sunansa a cikin kunnensa, ta sake kira, hawaye na zuba. Ba ta ji motsin kowa ba sai wata 'yar ƙara, ƙyas. Ko da ta ɗago, wani Bature ne a bakin tantin da na'urar hoto a fuskarsa. Ya sauke ta, ya ɗan rusunar da kai kamar mai ta'aziyya, ya wuce tanti na gaba. Halilu bai kai la'asar ba.

Bayan wasu watanni aka rarraba takardun wayar da kai a ƙauyuka, masu cewa a daina niƙan dutse a gida, a wanke wa yara hannu. A saman kowace takarda ga Hamsatu rungume da ɗan farinta, baki buɗe, fuska jiƙe. Takardun suka yi yawa har masu ƙosai suka samu abin naɗi. Ita kanta a haka ta fara gani: ta aika a sayo wa Inna ƙosai, aka kawo shi a ciki, mai ya jiƙe takardar. Inna ta warware, ta kalla, ta kau da kai. Hamsatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tun daga ranar ta ɗauka cewa tsohuwar ta ga rashin kunyarta ta yi mata kara ne kawai, kuma tun daga ranar ba ta sake yarda ta kalli hoton ba, ba ta kuma sake tsayawa gaban wani ba.

Shekaru suka shuɗe, ta haifi wasu 'ya'yan, suka rayu. Sai bana, da gero ya fara fitar da kai, ma'aikatan lafiya suka zo gwajin jini, suka ce na autarta Fatiha ya nuna dalma. Ba abin mamaki ba ne, domin Namadi bai bar aikin dutse ba, kuma duk da an ce a riƙa wanka a canza tufafi kafin a shigo gida, shi da ya dawo Fatiha ke fara hayewa wuyansa. Aka ce a riƙa kai ta Anka karɓar magani, a wani ɗakin shan magani da wata ƙungiyar agaji ke gudanarwa. Hamsatu ta san wurin ko da ba ta taɓa shiga ba. Matan garin sun daɗe da gaya mata cewa hoton nan yana can a bango, an buga shi ƙato.

Da can Inna ce ke kai jikoki asibiti, amma yanzu gwiwoyinta sun ƙi.

"Ke za ki kai ta," in ji Inna. "Ni ƙahwahun ga ba su hawan babur."

"To, Inna."

Namadi da ya ga yadda fuskar matarsa ta canza, sai ya so ya yi taimako irin nasa. Ya ce, "Ai takarda ta kawai, Hamsatu, ba ta cizo." Ta dube shi sau ɗaya, ya tuna yana da aiki a waje.

Ɗakin jiran asibitin dogo ne, da bencina a jere, mata da yara cike. Tun daga ƙofa ta hango launin zanen da ta ɗaura a wancan lokacin a jikin hoton, ta yi maza ta sauke ido. Ta nemi bencin da ke ƙarƙashin hoton daidai ta zauna, domin nan ne kaɗai wurin da mutum zai zauna bai gan shi ba. Ta ja hijabi har goshi, ta ɗora Fatiha a cinya.

Mai kula da su wata nas ce, Sista Agnes, 'yar ƙasar Filato, mace mai jiki da fara'a, wadda ta daɗe a Anka har tana cin tuwon dawa da miyar kuka kamar a nan aka yanke mata cibi. Ta auna Fatiha, ta ba ta alewa, ta nuna wa Hamsatu yadda ake buɗe ƙwayar maganin a zuba a cokali da ɗan zuma. Tana yi tana hira.

"Ni a garinmu Maman Stephen ake ce mini," in ji ta. "Stephen ɗan farina ne, yana jami'a yanzu, ya fi ni tsawo. Ke fa, wane ne ɗan farinki? Da sunansa zan riƙa kiranki, ya fi daɗi."

"Hamsatu dai anka sa min, Sista."

Wata tsohuwa da ke kusa ta yi gyaran murya. Agnes ta ga alamar ta taka wani abu, ba ta san ko mene ne ba, sai ta koma maganar zuma.

Kafin a sallame su akan yi wa iyaye mata ɗan jawabi. Agnes ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta nuna saman kan Hamsatu da biro. Ta ce, "Ku dubi wannan baiwar Allah. Ku dubi yadda take son ɗanta. Kada mu bari wata uwa ta sake yin irin wannan kuka." Da zuciya ɗaya take faɗa, kuma ta daɗe tana faɗin haka duk ranar asibiti. Matan da suka zo daga nesa suka ɗaga kai suna girgiza shi. Matan Dareta kuwa kowacce ta samu abin gyarawa a jikin ɗanta. Hamsatu ta zauna kamar an dasa ta, tana jin idanun ɗakin gaba ɗaya suna wucewa ta saman kanta.

Haka ta yi ta zuwa tana komawa, Fatiha na samun sauƙi, ita tana ramewa. Sai wani zuwa suka tarar da baƙo, wani saurayi mai suna Henry, daga babban ofishin ƙungiyar, da na'urar hoto rataye a wuya. A yi masa adalci, yaro ne mai ladabi. Ba ya ɗaukar kowa sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi inda hoton zai je, in ta ce a'a ya yi godiya ya wuce. Hamsatu ta shirya a'arta tun yana benci na farko.

Da ba don wata mata daga Adabka ba, da an rabu lafiya. Matar irin mutanen nan ce da abu ba ya kwana a bakinsu. Fatiha ta ja hijabin uwarta ya zame, matar ta dubi fuskar Hamsatu, ta dubi bango, ta sake dubanta, sai ta tafa hannu.

"Aradu ke ta! Ku duba billen ga na kumatu, shi na ga hoto. Jama'a, ga mai hoton nan zaune!"

Agnes ta saki biro. Henry kuwa fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. Ya zo ya durƙusa a gabanta, ya gaishe ta har sau biyu.

"Hajiya, ashe ke ce? Wallahi wannan hoton tun ina makaranta nake ganinsa. Don Allah in kin yarda, ina so in ɗauke ki a nan inda kike zaune, ke da wannan yarinya mai lafiya, ga na da a sama, ga na yanzu a ƙasa. Mutane za su ga cewa aikin bai tafi a banza ba."

Hamsatu ba mai magana a taro ba ce, amma abin da ya daɗe a ciki in ya samu ƙofa ba ya jiran izini. Ta ce, a hankali, "Wancan da yad ɗauki na bisa, ya tambaye ni?"

Henry ya ce, "Ban sani ba, Hajiya. Ba na nan a lokacin."

"Bai tambaya ba."

"Allah ya ba ki haƙuri. Yanzu ba ma yin haka. Amma ki sani wannan hoton ya yi aiki. Irinsa ne ya sa duniya ta ji abin da ke faruwa a nan, aka ƙaro likitoci, aka zo aka kankare ƙasar gidajenku aka zuba sabuwa."

"Na sani," in ji ta. "Ƙasar da sauran ɗiyana sunka yi rarrahe bisa, mota tak kawo ta. Ban ce bai yi aiki ba. Ya yi, ya gama. A sauke shi."

Henry ya sosa ƙeya. Ba mugu ba ne, ma'aikaci ne, kuma ma'aikaci ba ya cire abu daga bangon ofis sai ya san abin da zai faɗa wa na sama da shi. Ya ce, "In uwar yaron ta ce a cire, yau ɗin nan zan cire, ba wanda zai yi mini musu. Ɗanki ne, ko ba haka ba?"

Tambaya ce mai sauƙi a wurinsa. Hamsatu ta ɗaga ido, ta ga matan Dareta a jere, cikinsu har da dangin mijinta da matan da suka yi mata wankan jego. Kalma biyu kawai ake nema, ɗana ne, amma ba ta taɓa furta su ba yana raye, ba ta ga yadda za ta furta su a bainar jama'a ba yana cikin ƙasa.

"Yaron Inna na," in ji ta.

"To ba damuwa," in ji Henry, yana murna ya samu mafita. "Ina nan har mako mai zuwa. Sai Innar ta zo da kanta ta faɗa."

Ta goya Fatiha ta fita, ba ta ko tsaya sallama da Agnes ba. A kan babur, duk tsawon hanyar nan mai kwazazzabai da taɓo, haushin kanta take ji fiye da na kowa. An miƙo mata abin da ta daɗe tana so har tafin hannu, ta kasa rufe hannun.

Labari ya riga ta isa gida, kamar yadda ya saba. Ta tarar da Inna a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ta gaishe ta, ta amsa, ta tambayi jikin Fatiha. Sai da Hamsatu ta juya za ta shiga ɗaki tsohuwar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ranar komawa da ni za a tahi."

Namadi ya ce, "Haba Inna, da ƙahwahun ga?"

"Da su nih haihe ka. Ka nemo mai babur da ba shi gudu."

Hamsatu ta kasa cin abinci a kwanakin nan. A ganinta Inna za ta je ne ta wanke sunan gida, kuma dole a gaban mutane a sake tono ranar da ita Hamsatu ta zubar da kunya. Ta gwammace hoton ya shekara ɗari a bango da ta tsaya kusa da Inna a gabansa.

Ranar ta zo. Aka ɗora Inna a babur kamar ana ɗora tulu, ana riƙe nan ana tallafe can, tana faɗa da duk wanda ya taɓa ta. Da suka isa, ta ƙi zama. Ta dogara sandarta ta ratsa bencina har gaban hoton, ta tsaya ta ɗaga kai. Ita ƙaramin kawai ta taɓa gani, na cikin ƙosai. Ta daɗe tana kallo, Hamsatu na bayanta da Fatiha a goye, idonta a kan siminti.

"Nan bisa bango ya hi girman da yay yi duniya," in ji Inna. Sannan ta juya. "Ina mai hoton?"

Henry ya matso ya durƙusa. "Ga ni, Inna. Amma ba ni na ɗauki wannan ba."

"Na sani, wancan ja na. Tashi ka ji. An ce kana neman uwar yaro. Ni nir raine shi, ga bayana yat tashi, ɗakina shika kwana. Ranar ga da kaka gani, bisa cinyata shike. Nij ji numhwashinai ya sake. Ni na binne ɗiya, na san numhwashin ga. Nid dubi yarinyar ga tana can gehe tana kallon ƙasa, tun da anka yaye shi ba ta ɗauke shi gaban mutum ba, don kunyata. Sai nic ce za ni alwala."

Ta numfasa, ta gyara riƙon sandar.

"Da alwalata, ɗan nan. Lokacin salla ma bai yi ba. Bayan tanti niz zagaya nit tsaya cikin rana da buta ga hannu, don ta samu ta ɗauki ɗanta ba idon kowa. Ni kakatai nik kau da idona. Shi wane na da za shi sa nashi?"

Hamsatu ta dafa benci ta zauna. Shekara da shekaru tana ɗauke da kunyar wannan tsohuwa, tana kaffa-kaffa da ita, tana zaton kau da kan da ta yi ranar ƙosai na tir ne. Ashe ita ta buɗe mata ƙofa da hannunta, ta tsaya gadi a rana. Ta ja hijabi ta rufe fuska.

Henry bai ce zai tambayi kowa ba. Ya cire na'urar daga wuyansa ya ajiye a kan tebur, ya hau benci. Agnes ta riƙe masa gefe guda, suka ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Inda hoton ya tashi, fentin bangon ya fito sabo fil, ya bambanta da sauran. Ya naɗe takardar da kyau, ya sauko ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Inna, gaskiya ɗaya zan faɗa miki," in ji shi. "Na wannan bangon na iya saukewa, kuma zan gaya wa ofishinmu su daina bugawa. Amma hoton ya riga ya shiga duniya. Yana cikin jaridu, yana cikin wayoyi, a ƙasashen da ni ma ban taɓa zuwa ba. Waɗannan ba ni da ikon dawo da su."

"Waɗancan ba su san ta ba," in ji Inna. "Nan anka san ta."

Agnes ta zo ta tsuguna kusa da Hamsatu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Ki yafe mini. Ina ta nuna ki da biro, kina zaune a ƙarƙashi, ban sani ba."

"Ba komi, Sista. Alheri kika nuhi." Sannan ta ce, "Ki ara min almakashi."

Ta riga ta yanke shawara tun Henry na kan benci. Za ta yanke kanta daga cikin hoton, ta jefa nata ɓangaren a murhu, ta bar wa Inna fuskar yaron ta ajiye a ɗakinta, tunda ba su da wani hotonsa a duniya. A haka kowa ya samu nasa, kunya ta koma mazauninta. Agnes ta ɗauko almakashin da take yanka bandeji, ta buɗe mata ƙaramin ɗakin da ake wanke ciwo. Inna ta miƙa mata naɗin takardar ba tare da ta dube ta ba, ta karɓi Fatiha ta zaunar a gefenta.

Hamsatu ta saki labule. Ta shimfiɗa takardar a kan gadon da ke ɗakin, ta danne gefunan da kwalaben magani don kada ta naɗe. Sannan ta kalla.

Ta manta ashe kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwashe daga sama, irin na mahaifinta. Ta manta da zaren da Inna ta ɗaura masa a wuya, da ɗan tabon goshi da ya samu a bakin turmi. Duk shekarun nan in ta tuna shi, bayansa take gani yana wasa da ƙasa, domin ta baya ta fi kallonsa. Yau ga fuskar gaba ɗaya a gabanta, ba mai hana ta, ba mai ganinta. Ta sa yatsa ta bi girarsa, ta bi hancin, ta tsaya a kan leɓen da ya bushe.

Sai ta ɗauki almakashin ta fara neman inda za ta sa shi. Ta gwada daga sama, ta ga goshinta ya shiga cikin gashinsa. Ta gwada daga ƙasa, ta ga hannunta ne ya tallafe haɓarsa, yatsunsa kuma sun damƙe wuyan rigarta. Ta juya takardar, ta bi tsakiya a hankali da bakin almakashin, ko za ta samu ɗan fili ko da na tsinke ne tsakanin kumatunta da nasa. Babu. Duk inda ƙarfen zai bi, sai ya ci wani abu na yaron.

Ta daɗe a tsaye. A waje ana kiran sunayen masu karɓar magani, wani jariri na kuka, Inna na yi wa Fatiha faɗa a kan takalmi. Daga baya ta ɗauke kwalaben, ta naɗe takardar fuskokin na ciki, ta ɗaga hijabi ta soke ta a ƙugun zanenta, ta gyara hijabin ya rufe.

Da ta fito, Agnes na bakin ƙofa. Hamsatu ta miƙa mata almakashin.

"Har kin gama?" in ji Agnes.

"Ba shi yankuwa, Sista," in ji Hamsatu. Ta sunkuya ta goya Fatiha, ta miƙa wa Inna hannu ta tashe ta.